Wutar lantarki a gidajen Najeriya

Wutar lantarkin gida a Najeriya, wadda har yau kowa ke ce wa wutar NEPA duk da an daɗe da rushe NEPA ɗin, tana zuwa ne da ƙarfin bolt 230 da zagaye 50 a daƙiƙa, aƙalla haka yake a takarda. Soket ɗin da aka fi sawa shi ne mai baki uku irin na Ingila, saɓanin Nijar da aka fi ganin mai baki biyu zagayayye irin na Faransa. Haɗurran wuta da yawa a gidajen ƙasar suna da alaƙa da abu ɗaya, wato wutar ba ta tsayawa, a ɗauke a kawo, yau ta zo da rauni gobe ta zo da ƙarfin da ya wuce kima, ga kuma janareta da sola da aka jingina wa wayarin ɗin da tun farko ba a yi shi don su ba.

Tarihi

An ce a Legas aka fara kunna wutar lantarki wajen 1896, wasu kuma su ce 1898, kuma gidajen Turawan mulki da ofisoshinsu ne suka fara morar ta. A arewa, haƙar kuza ce ta jawo ta da wuri, kamfanin NESCO ya fara samar da wuta daga ruwan Kurra a yankin Jos wajen 1929 saboda ma'aikatan kuza. A farkon shekarun 1950 aka kafa hukumar ECN ta haɗe ƴan tashoshin da ke warwatse, a 1962 aka kafa hukumar madatsun ruwan Neja wadda ta gina dam ɗin Kainji, aka gama shi a 1968. Waɗannan hukumomin biyu aka haɗe a 1972 suka zama NEPA.

NEPA ta yi shekara sama da talatin tana riƙe da komai, samar da wuta, dakonta, rabawa da karɓar kuɗi, shi ya sa sunan ya zauna a baki har yaron da aka haifa jiya ma in an kawo wuta ihun NEPA zai yi. Dokar gyaran fannin wuta ta 2005 ta mayar da ita PHCN ta kuma kafa hukumar NERC mai sa ido da tsayar da farashi. A Nuwamban 2013 aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta ga ƴan kasuwa, guda 11 ne aka yanka, KEDCO na da Kano, Katsina da Jigawa, na Kaduna ya haɗa da Sakkwato, Kebbi da Zamfara, na Jos na da Filato, Bauchi, Gombe da Binuwai, na Yola kuma Adamawa, Taraba, Borno da Yobe. Manyan layukan dakon wuta sun zauna a hannun gwamnati ƙarƙashin kamfanin TCN. Hukumar NEMSA, da dokar 2015 ta kafa, ita ke da alhakin duba ingancin wayarin da mitoci. Dokar 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Ko sayar da kamfanonin ya gyara wani abu, ana ta gardama a kai.

Wayarin da kayan kariya

Waya uku ce ke shiga soket: mai wuta, mai mayar da ita, sai ta ukun da ke zuwa ƙasa. A tsohon tsari ja ce mai wuta, baƙa ta biyu, kore ta ƙasa, a sabon tsari kuma ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya ta biyu, kore da rawaya ta ƙasa. Duka biyun ana samunsu, wani lokacin ma a gida ɗaya, don haka mai gyara na kirki ba ya yarda da kala sai ya sa testa.

Kaurin waya ya danganta da aikinta. Ƙa'ida ita ce murabba'in milimita 1.5 na fitilu, 2.5 na soket, 4 zuwa 6 na AC, hitar wanka da kukar lantarki. Matsalar ita ce kasuwa cike take da wayar da aka rubuta 2.5 a jikinta amma jan ƙarfen ciki bai kai ba, ko kuma alminiyam ne aka shafa masa ruwan jan ƙarfe, irin wannan tana zafi a cikin bango ba wanda ya gani har robar ta narke. Fulogi mai baki uku fis ɗinsa amfiya 13 ne, wato bai wuce wat 3000 ba, to ekstenshan ɗin da aka jona wa ayan da hita da firij a lokaci guda ya riga ya wuce abin da zai iya ɗauka. Wani abin da ake yi da yawa shi ne in fis ya ƙone a naɗa masa waya mai kauri don kar ya sake yankewa, ai yankewar ita ce aikinsa, in bai yanke ba wayar gidan ce za ta ƙone a madadinsa.

Bireka na kare waya daga gobara ne, ba ya kare mutum daga shokin. Abin da ke kare mutum shi ne na'urar RCD mai yankewa da zarar wuta ta fara zurarewa da miliamfiya 30, tana da maɓallin gwaji a jikinta da ake dannawa lokaci-lokaci. Gidaje da yawa ba su da ita. Haka ma wayar ƙasa, sau da yawa ba a kai ta ko'ina ba, alhali kamata ya yi ta ƙare a jikin sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa mai damshi. Masu wayarin kan zuba gawayi da gishiri a ramin, yana taimakawa amma gishirin na cin sandar a hankali. Firij ko famfo da ke ɗan jan mutum alama ce wayar ƙasan ba ta aiki.

Lokacin da aka dawo da wuta

Nan ne aka fi asara. Mutum na guga ko ya sa hita a bokiti aka ɗauke wuta, ya fita ko ya kwanta bai kashe soket ba, tsakar dare aka kawo. A lokacin hunturu abin ya fi yawa, ana dafa ruwan wanka ga iska ga komai ya bushe. Gobarar kasuwanni irin ta Sabon Gari a Kano a Maris 2016 kan tayar da maganar wutar dare da jone-jonen waya barkatai, kodayake ba kasafai ake samun matsaya ɗaya kan musabbabi ba.

Wuta mai rauni na kashe kwamfiresan firij da AC, shi ya sa ake sa sitabilaiza, wanda ke da jinkirin ƴan mintuna kafin ya saki wuta ya fi. Wuta mai ƙarfi kuma yawanci daga katsewar waya ta biyu ne a falwaya ko taransifoma, sai ƙarfin ya haura ya doshi bolt 400 a wasu gidajen, ƙwan fitila ya yi haske fiye da kima ya fashe, talabijin da caja su ƙone a unguwa gaba ɗaya. In an ga haka babban makunnin gidan ake kashewa.

Janareta da sola

Hayaƙin janareta na ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da kala, tana sa ciwon kai da barci mutum ya wuce daga nan. An sha samun iyali guda sun mutu a ɗaki saboda an shigo da injin soro ko kicin don tsoron ɓarayi ko ruwan sama. A fili ake ajiye shi nesa da taga, kuma ba a zuba masa fetur yana aiki. Dole a sa canjoba, wato makunnin da ke yanke ɗaya kafin ya jona ɗaya, tsakaninsa da wutar NEPA, in ba haka ba wutarsa na komawa kan layi ta kama ma'aikacin da ya hau falwaya yana zaton layin a mace yake. Sola ta yaɗu sosai bayan cire tallafin mai a 2023. Batiran ruwa na fitar da iska mai kamawa da wuta, ba a kulle su a ɗakin da iska ba ta shiga.

Idan wuta ta kama mutum

A kashe makunni tukun, kar a taɓa shi da hannu. In makunnin na nesa a ture shi da busasshen itace. In ba ya numfashi a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti har a kai asibiti, lambar gaggawa 112 ce. Madarar da wasu ke ɗura wa wanda wuta ta ja ba ta maganin komai, in a sume yake ma tana iya shaƙe shi. Gobarar lantarki ba a watsa mata ruwa sai an yanke wutar.

Tattalin yunit

Yunit ɗaya a mita shi ne wat 1000 na awa ɗaya. A Afrilun 2024 NERC ta ɗaga kuɗin ƴan rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Duk abin da ke zafafawa ko sanyayawa shi ke cin kati: ayan wat 1000 ko sama, butar lantarki 1500 zuwa 2000, fankar sama kuwa 60 zuwa 75 kacal. Tsohon ƙwai mai wat 60 in ya yi awa goma kullum zai ci yunit 18 a wata, na LED mai wat 9 da haskensu ɗaya bai kai yunit 3 ba. Cajar waya da ake ta faɗa a kanta kusan ba ta cin komai. Masu bil na ƙiyasi ba su da wata riba in sun rage shan wuta tunda ba a auna su. Baifas na mita, wato jona waya ta kewaye mita, laifi ne da ake cin tara a kai.