Gajiyar aiki daban, ƙona kalori daban

Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake yawan ji a wajen awo idan mutum ya hau sikeli ya ga nauyinsa na nan inda yake, sai ya ce min ai ni tun safe nake wajen aiki, kullum a gajiye nake komawa gida, to me ya hana teɓar nan sauka? Musamman masu lissafin kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) a manhajar waya, su suka fi shiga wannan ruɗani, shi yasa na ce bari in ɗan yi bayani.

Kaso mafi yawa na kalorin da jiki ke ƙonawa, kusan 60 zuwa 70 cikin ɗari, yana tafiya ne a numfashi, bugun zuciya, aikin hanta da ƙwaƙwalwa, ko kana kwance. Aiki da zirga-zirga su ne ƙari a kai. A ma'aunin da FAO da WHO, hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, suka fitar don gano kalorin da mutum ke ƙonawa a rana, mai aikin zaune ana ninka kalorin hutunsa ne da 1.4 zuwa 1.69, mai aikin ƙarfi sosai kuma 2 ko fiye. Misali mata biyu da jikin kowacce ke ƙona 1,400 a kwance, ɗaya sakatariya ce a ofis ɗaya kuma tana gona da damina tana daka tana ɗebo ruwa, ta farko tana tsakanin 1,960 da kusan 2,370 a rana, ta biyu tana iya kai 2,800. Kun ga ai ba kwano ɗaya za a auna musu ba.

Toh inda matsalar take, direban adaidaita, tela, mai jiran shago a kasuwa, mai POS, duk suna gajiya kuma gajiya ta gaske, rana ta doke su, baya ya ƙage, surutun kwastoma ya cika musu kai. Amma jikin a zaune ya wuni. Ko tsayuwa ma wuri ɗaya ba wani abin kirki take ƙarawa a kan zama ba, ɗan kaɗan ne a awa. Sai mutum ya shiga manhaja ya zaɓi cewa shi mai aikin ƙarfi ne, ta ba shi ƙarin ɗaruruwan kalori, ya cinye su da lemun kwalba da rana da shayi mai kauri da daddare. Kwalbar lemu ta 50cl kaɗai kusan kalori 200 ce, cokalin mai babba guda a miya ko a kan wake da shinkafa kusan 120.

Kuskure na biyu ya fi damuna, lissafa abu ɗaya sau biyu. Nas ko malamar firamare da ke yawo duk rana ta zaɓi matakin mai zirga-zirga, daidai ne, amma kuma da yamma sai ta ƙara abin da agogon ƙirga taku ya nuna mata a kai. Ai an riga an saka wannan yawon tun farko. Kuma agogunan nan ba sa faɗin gaskiya ƙwarai, a binciken da aka yi a jami'ar Stanford ta Amurka a 2017, wanda ya fi kowanne dacewa ma sai da ya kauce da kashi 27 wajen ƙiyasin kalori.

Abin da nake gaya wa mutane, zaɓi matakin da ya dace da ranarka ta yau da kullum, in kana kokwanto ka ɗauki na ƙasa, ka rage kamar kalori 500 a rana daga abin da manhajar ta ba ka, ka riƙa hawa sikeli ɗaya da safe sau ɗaya a sati. Bayan sati uku in kana sauka kamar rabin kilo a sati to lissafin ya yi, in shiru ne ka rage kaɗan ko ka ƙara tafiyar ƙafa. Manomi kuma ya tuna abincin damina ba shi ne na rani ba, in aikin gona ya ƙare lissafi ya canza.

Ɗan dako, mai tura baro, lebura da ke ɗaukar bulo, dan Allah kar ku matse cikinku kamar na ɗan ofis, jiri a kan gini ba wasa ba ne, ku sha ruwa sosai. Mai ciki, mai shayarwa, da mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin, ku zo asibiti mu zauna tukuna kafin ku taɓa abincinku.