Algoridim: wane ne yake zaɓa maka abin da kake kallo a waya?

A teburin mai shayin bakin layinmu a Agege na fi jin kalmar nan. Akwai wani yaro mai ɗaukar bidiyon barkwanci yana ɗorawa a TikTok. Ranar da kasuwa ba ta yi ba sai ya zo ya jefa waya kan benci, ya ce, "Wallahi Kawu, algoridim ya juya mini baya, na jiya ko mutum 500 ba su kalla ba." Mai shayin, da bai taɓa buɗe TikTok ba, ya ɗauka sunan wani babba ne a kamfanin, har ya ba shi shawara ya nemi wanda ya san mutumin a yi masa magana.

Algoridim ba mutum ba ne. Jerin matakai ne da aka tsara, ana bin su ɗaya bayan ɗaya har a kai ga amsa. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya ga irinsa: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a cika wasiyya matuƙar ba ta wuce sulusi ba, sannan a ba kowane magaji kasonsa. Malamin Kano da na Legas, in dai mazhabarsu ɗaya kuma lissafin ya yi daidai, wuri guda za su tsaya. Sunan ma daga gidan malamai ya fito. Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi masanin lissafi ne da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Da aka juya rubutunsa zuwa Latin a ƙarni na 12, sai aka lanƙwasa sunansa ya koma Algoritmi, daga nan kalmar ta samo asali. Littafinsa na aljabara kuwa, babban sashe a cikinsa lissafin gado da wasiyya ne.

Amma abin da yaron nan yake kuka da shi ya fi wannan ƙunci. Yana nufin tsarin kwamfutar da ke yanke hukuncin bidiyon da zai fito maka da zarar ka buɗe waya, da wanda zai biyo bayansa. A da abin a jere yake zuwa: wanda ka bi ya wallafa, ka gani, sabo a sama tsoho a ƙasa. A 2016 Instagram ya bar wannan tsari, ya koma jera abubuwa bisa hasashen abin da zai fi jan hankalinka. TikTok, na kamfanin ByteDance na ƙasar Sin, shi ya kai abin ƙarshe, don shafinsa na farko cike yake da mutanen da ba ka taɓa bi ba. Kamfanin da kansa ya bayyana a 2020 cewa yawan mabiya ba ya cikin abin da yake dubawa kai tsaye. Shi ya sa mai tura baro a kasuwar Mile 12 ta Legas zai iya kwana babu wanda ya san shi, ya wayi gari ana tura bidiyonsa har Damagaram.

To me yake dubawa? Ku ɗauki mai shayin nan. Bai taɓa tambayata abin da nake so ba tun bayan makon farko. Ya ga ina barin rabin biredi, ya rage. Ya ga ina ƙara yaji a ƙwai, yanzu da kansa yake barbaɗawa. Haka na'urar take, sai dai ita ba ta gajiya kuma ba ta mantuwa. Tana ƙirga daƙiƙa nawa ka tsaya a kan bidiyo, ko ka kai ƙarshe, ko ka maimaita, ko ka tura wa wani, ko ka yi sharhi. Sannan ta haɗa ka da dubban masu hali irin naka, ta ce abin da ya riƙe su zai riƙe ka. Ƙasar da kake da harshen da ka sa wa waya ma suna ciki, ko da yake nauyinsu bai kai na halinka ba. Mutum biyu a benci ɗaya, ɗaya wayarsa wa'azi da dambe, ɗaya ƙwallo da rigimar 'yan fim, kowa kuma yana zaton abin da duniya ke kallo ke nan.

Inda nake ganin mutane suna yawan kuskure shi ne nan. Na'urar ba ta san bambancin so da ƙi ba sosai, lokaci take aunawa. Ka ga bidiyon da ya ɓata maka rai, ka kalle shi har ƙarshe don ka tabbatar, ka shiga sharhi ka yi Allah wadai, ka tura wa zauren 'yan garinku a WhatsApp ka rubuta "ku ga rashin tarbiyya". Kai a ganinka ka yi yaƙi da shi. A wurinta ka ba shi ƙuri'a uku, gobe kuma za ta kawo maka ƙaninsa. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyarsu Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna ma'aikatan kamfanin da kansu sun lura cewa gyaran da aka yi wa tsarin a 2018, don fifita abin da ke jawo sharhi, ya ƙara wa abubuwan tayar da husuma kasuwa.

Ga masu sana'ar, maganar abinci ce. Shekarun baya dillalan kasuwar Alaba a nan Legas, da na Ƙofar Wambai a Kano, su ke da ta cewa kan fim ɗin da zai shiga gari a faifai. Yanzu fina-finan Hausa masu dogon zango da yawa a YouTube suke, kuma dillalin yanzu algoridim ne, ba ya zama a shago balle a je a roƙe shi. Tun 2012 YouTube ya koma fifita tsawon lokacin da aka ɓata ana kallo a kan yawan dannawa. A 2018 wani shugaba a kamfanin, Neal Mohan, ya ce sama da kashi 70 cikin 100 na lokacin kallo daga abin da na'urar ta ba da shawara yake zuwa. Kafin ma a fara raba kuɗin talla da mai dogayen bidiyo, ƙa'idar da aka sa a shekarar ita ce mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Daga nan za ka gane dalilin da ake yanke kowane kashi na fim daidai inda amarya ta buɗe ƙofa, da dalilin hoton fuska a razane da taken "abin da ya faru zai ba ka mamaki".

Mai kallo yana da ɗan linzami a hannunsa. A TikTok, danne bidiyo ka riƙe, zaɓin cewa ba ka sha'awarsa zai fito. A YouTube kana iya goge tarihin kallo ko ka dakatar da shi. Wanda ya fi sauƙi shi ne wucewa da sauri ba tare da sharhi ba. Yaron namu dai ya sake ɗaukar bidiyon nasa, ya cire doguwar sallamar da yake farawa da ita, ya dawo da faɗuwar mai acaɓa zuwa daƙiƙar farko. Mai shayi ya kalla ya ce shi na da ya fi masa, ko ba komai an gaishe shi.