Zancen "wata shida" a fasfo: ba a soke fasfon kowa ba, amma gaggawa na iya kai mutum kotu

Duk shekara idan Umarar azumi ta matso sai wannan magana ta dawo. Wani ya naɗi murya a WhatsApp, ya rantse cewa an fito da sabuwar doka, wai duk fasfon da wata shida ya rage masa an soke shi. Wani ya ƙara gishiri, ya ce har kama mutane ake yi a filin jirgi. Kafin Magariba saƙon ya zagaye dangi, kuma a ƙarshensa akwai lambar wani "da ya san hanya".

Ba a soke komai ba. Fasfon Najeriya yana nan da ransa har ranar da aka rubuta a shafin da hotonka yake, kuma babu wanda zai kama ka don ya kusa ƙarewa. Sharaɗin wata shida na ƙasar da za ka ne, kuma ya daɗe. Saudiyya tana so ya kasance fasfonka yana da sauran aƙalla wata shida ranar da za ka shiga. Haka Dubai, haka Masar, haka Chaina. Ƙasashen Turai masu biza ɗaya, irin su Faransa da Jamus, nasu lissafin daban ne: wata uku suke nema, amma daga ranar da za ka bar musu ƙasa.

Na ga yadda abin yake da wani kawuna. Fasfonsa sai 10 ga Agusta zai ƙare, jirginsa kuwa 20 ga Fabrairu. A filin jirgi, yarinyar da ke auna kaya ta buɗe shafin, ta ƙirga da yatsu, ta sake ƙirgawa. Ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, fasfon nan bai kai wata shida ba." Ya ce, "'Yata, duba da kyau, ai sai damina zai ƙare." Kwana goma kacal ya gaza. Haraminsa na cikin jaka muka koma gida, har da dambun naman da aka ƙulla masa. Ba mugunta ta yi ba. Idan kamfanin jirgi ya ɗauki wanda za a ƙi karɓa a can, shi zai dawo da shi, wani lokaci har da tara.

To, wanda tafiya ta taso masa fa? Ba sai fasfo ya mutu ake sabunta shi ba. Da ya shiga wata shidansa na ƙarshe, ko shafukansa suka cika, Hukumar Shige da Fice za ta karɓi buƙatarka. A shafinta na intanet ake cike takarda, a can ake biyan kuɗi, a zaɓi ofis da ranar zuwa ɗaukar hoto da zanen yatsu. Tun 1 ga Satumba 2025, mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma 200,000. Yara 'yan ƙasa da 18 na shekara biyar ake ba su, kuma jariri ma da nasa fasfon yake tafiya.

A 2021 ma'aikatar cikin gida ta tsayar da mako uku ga mai sabuntawa, mako shida ga sabon nema. Minista Olubunmi Tunji-Ojo, da ya zo a 2023 ya tarar da fasfo sama da 200,000 sun maƙale, ya yi alƙawarin rage jiran zuwa mako biyu. Amma a lura, ba daga ranar da ka biya ake fara ƙirga ba, daga ranar ɗaukar hoto ne. Kuma abin da ya fi riƙe mutanenmu ba layi ba ne, lambar NIN ce. Fasfo ya ce Muhammad, NIN ta ce Mohammed. Fasfo ya ce 1978, NIN ta ce 1982, don an taɓa rage shekaru saboda neman aiki. Da kwamfuta ta ga saɓani sai ta tsaya, sai ka fara zuwa NIMC, hukumar da ke ba da lambar NIN, ka gyara tukuna. Wannan gyaran shi ne mai cin makonni.

A daidai nan ne mai "sanin hanya" ke shigowa, kuma a nan ne ainihin dokar take, wadda masu saƙon murya ba sa ambata. Sashe na 10 na Dokar Shige da Fice ta 2015 ya tanadi ɗaurin shekara goma, ko tarar naira miliyan biyu, ko duka biyun. Ga wa? Ga wanda ya faɗi ƙarya da gangan don ya samu fasfo, nasa ko na wani. Ga wanda ya yi wa fasfo gyara ko ya ɓata shafinsa. Ga wanda ya ɓoye ɓacewar fasfonsa. Ga wanda ya riƙe fasfo fiye da ɗaya masu rai. Har da dillalin da ke tsayawa a bakin ofis yana shiga tsakani.

Shawarar da ejan ya fi bayarwa ita ce, "Alhaji, ka manta da tsohon, mu cike maka a matsayin sabo da bayanan NIN." Sai mutum ya ji kamar dabara ce. Ƙarya ce a kan takardar gwamnati, kuma sunanka ne a kai, ba na ejan ba. Yatsunka na nan a rumbun hukumar tun fasfon farko. Ranar ɗaukar hoto na'ura za ta haɗa ka da tsohon bayaninka, sai takardarka ta koma ɓangaren bincike, shi kuwa ejan wayarsa a kashe. Wanda ke neman mako biyu ya ja wa kansa watanni, in ma an tsaya a nan.

Maganar fasfo biyu kuwa ta firgita waɗanda ba su da laifin komai. Akwai 'yan kasuwar da bizarsu ta Amurka ke cikin tsohon fasfo, suna tsoron in an gan su da littafi biyu za a ce sun karya doka. Dokar kuwa, fasfo masu rai ta ce. Tsohon da ya ƙare ko aka soke ba ya cikin lissafi, kuma Amurka da kanta ta yarda ka zo da duka biyun, biza a tsohon, sabon a hannu. Abin da ba a yi shi ne ɓamɓare bizar a liƙa a sabon. Wannan ya lalata ta, ya kuma jefa ka cikin sashe na 10.

Idan fasfo ya ɓata da gaske, rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa daga kotu ake kai wa, kuma ya fi sabuntawa daɗewa. Wanda nasa ya ƙare yana ƙasar waje, gwamnati ta ce a bar shi ya shigo gida da shi haka, sai dai ya fara tambayar kamfanin jirgin da ƙasar da zai yada zango. Ofishin jakadanci kuma yana ba da takardar gaggawa ta dawowa gida kawai.

Hukuncin ba ni da ja da shi, fasfon ƙarya kowa yake zubar wa mutunci a filin jirgin duniya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kuɗin. A Satumban 2024 ne aka kai mai shafi 32 naira 50,000, shekara na zagayowa aka ninka. Kuma ga mai zuwa Saudiyya, "shekara biyar" ɗin nan huɗu da rabi ce, tun da wata shidan ƙarshe ba za su kai shi ko'ina ba. Gwamnati ta ce ƙarin don inganci ne. To mu gani a ƙasa, domin da ofis yana cika alƙawarin makonninsa, da dillalan bakin ƙofa sun nemi wata sana'a tuni.

Kawun nawa dai ya sabunta, na shekara goma ya yi wannan karon. Umarar azumin ta wuce shi, sai bayan Hajji ya tafi. Yanzu ranar ƙarewar fasfon tana rubuce a bayan ƙofar ɗakinsa da alli, an zabge mata wata shida.