Haɗin fetur da mai a injin 2T

Injin 2T ƙaramin inji ne da ke kammala aikinsa a hawa ɗaya da sauka ɗaya na fistin, wato duk juyi ɗaya na karanshaf sai fulogi ya ba da wuta. Irinsa ne a zarton inji, injin feshi na goyo, injin yankan ciyawa, injinan kwale-kwale da dama, tsofaffin baburan Vespa, da ƙaramin janaretan nan na Tiger da ya cika shaguna da gidaje a Najeriya. Ba shi da ma'ajiyar baƙin mai kamar injin mota. Ramin da karanshaf ke juyawa a ciki, ta nan fetur da iska ke bi kafin su haura kan fistin, don haka ba a iya tara mai a wurin. Sai dai a garwaya man da fetur: fetur ya ƙone, mai kuma ya lafe a jikin boris da fistin da bangon silinda, daga baya shi ma ya ƙone ya fita ta salansa.

Awo

Ana rubuta awon kamar haka: 50:1, ma'ana kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai. Lissafinsa shi ne a raba mililita 1000 da lambar farko. A 50:1, lita ɗaya tana ɗaukar mililita 20. A 40:1, mililita 25. A 25:1, mililita 40. Jarka mai lita 4 a awon 50:1 tana buƙatar mililita 80, mai lita 5 kuma mililita 100. Mutane da dama suna ruɗewa a nan, su ɗauka 50:1 ya fi 25:1 yawan mai saboda lambarsa ta fi girma, alhali rabinsa ne.

Kamfanonin Stihl da Husqvarna, masu ƙera zarton inji, sun tsayar da 50:1 ga injinansu idan da man 2T mai kyau ne. Tsofaffin injina da wasu masu araha sukan nemi 25:1 ko 40:1, kuma akan rubuta shi a murfin tanki ko a takardar injin. Abin da kamfani ya rubuta shi ake bi. Wasu baburan suna da tankin mai daban da famfon da ke aunawa da kansa, kamar tsarin Autolube na Yamaha. Waɗannan fetur zalla ake zuba musu.

Irin mai

Man 2T an yi shi ne don ya narke cikin fetur, ya kuma ƙone ba tare da barin toka mai yawa ba. Ana gane darajarsa daga rubutun jikin roba: JASO FB, FC ko FD. FC da FD hayaƙinsu kaɗan ne, FD kuma ya fi tsabtace inji. Wanda aka rubuta wa TC-W3 na injin kwale-kwale ne, wanda ruwa ke sanyayawa. Bai dace da zarto ko injin feshi ba, domin waɗannan iska ke sanyaya su, zafinsu ya fi.

Zuba baƙin man mota, irin SAE 40, ya zama ruwan dare ga masu ƙananan janareta. Inji zai tashi, amma sinadaran da ke cikin wannan mai ba don ƙonewa aka sa su ba. Tokarsu tana taruwa a kan fistin da bakin fulogi, ringi ya maƙale a gurbinsa, ƙofar hayaƙi ta tsuke. Wanda aka juye daga mota kuwa ya fi muni, don yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe.

Yadda ake haɗawa

A jarka ake haɗi, ba a tankin inji ba. Mai ya fi fetur nauyi. In aka tsiyaya shi kai tsaye cikin tanki, yakan kwanta a ƙasa, kabureta ta fara zuƙar kusan zallarsa, daga baya ta koma zuƙar fetur da ba shi da isasshen mai. Akan zuba rabin fetur a jarka mai tsabta, a auna mai a zuba, a rufe a girgiza, sannan a cika sauran a sake girgizawa. Sirinji mai mililita 20 awon lita ɗaya ne cif a 50:1, kuma ya fi murfin kwalba ko kintace da ido. Jarkar a yi mata alama, kada a ruɗe ta da ta fetur zalla. Fetur ɗin 'yan bumburutu a tace shi, kuma in ana zargin an gauraya shi da kananzir a bar shi: kananzir na sa inji ƙwanƙwasa da zafi fiye da kima.

Idan awo ya kauce

In mai ya yi yawa, alamun a fili suke: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, fulogi ya jiƙe ya yi baƙi, salansa na ɗigar da maiƙo, ƙarfin inji na raguwa sannu a hankali. Wanki da sabon fulogi sukan magance shi.

Ƙarancin mai shi ne babbar ɓarna, kuma ba ya ba da sanarwa sosai. Fistin na alminiyam ne, yana kumbura da zafi fiye da bangon silinda. Da zarar maiƙon da ke tsakaninsu ya yanke, sai ya fara gogar bango, ya narke ya liƙe, inji ya tsaya cak, igiyar tayarwa ta ƙi janyuwa. Da fetur zalla, mintuna kaɗan sun isa. Gyaransa sabon fistin da ringi ne, sau da yawa har da silinda. Abin da ba a cika lura da shi ba: tunda mai cikin fetur yake tafiya, duk abin da ya rage fetur ya rage mai. Toshewar jet, 'yar ƙofar da fetur ke bi a kabureta, ko iskar da ke kutsowa ta lalataccen sil ɗin karanshaf, suna iya kashe injin da awonsa daidai yake. Haka ma babur mai shan haɗaɗɗen fetur da ya daɗe yana gangara a giya totur a sake.

Ajiya

Haɗaɗɗen fetur ba ya jure zama. Ɓangarensa mai saurin kama wuta yana tashi, musamman lokacin bazara, ragowar ta zama danƙo a kabureta. Fetur mai etanol kuma yana jan laima daga iska. Shi ya sa ake haɗa abin da za a cinye cikin kwana 30 kacal, a ajiye a inuwa, murfi a ɗaure, nesa da murhu, a girgiza kafin kowane zubi. Injin da zai yi watanni a ajiye, kamar na feshi bayan damina, a juye tankinsa, a tayar da shi har ya mutu da kansa. Ba a ƙara fetur inji na aiki ko yana da zafi, ba a kuma kunna janareta a ɗaki ko shago a rufe, domin hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, tana kisa cikin barci.