Aikin masanin duwatsu da binciken ma'adinai

Masanin duwatsu shi ne wanda ya karanci jiyoloji, wato ilimin yadda duwatsu suka samu, da shekarunsu, da abin da ke cikinsu na ma'adinai, ruwa ko man fetur. Sana'ar tana kai mai ita daji wajen binciken ma'adinai, ko wajen neman ruwan ƙarƙashin ƙasa, ko aji domin koyarwa, kuma yawanci mutum ɗaya yakan taɓa biyu daga ciki kafin ya yi ritaya. Tana cikin sana'o'in da ke tsallake iyakar ƙasa cikin sauƙi, domin dutsen da ke ɗauke da zinariya a Zamfara ɗan'uwan na Gana da Mali ne wajen kama da yadda ake bincikensa.

Duwatsun Kano

Birnin Kano yana zaune ne a kan tsofaffin duwatsun tushe, irin su giranit da nayis, waɗanda ruwa da zafi suka ruɓar da samansu. Dala da Gwauron Dutse tuddai ne masu hular marmara, kuma tamar da ke cikin irin wannan marmara ce mazauna Dala na farko suka riƙa narkewa. A kudancin jihar, a Ririwai ta ƙaramar hukumar Doguwa, akwai giranit mai ƙarancin shekaru, na zamanin Jurasik, mai ɗauke da kuza, tutiya da kolumbayit. Yana cikin jerin duwatsu masu siffar zobe da suka taso daga Azbin a Nijar, suka ratsa Jos har zuwa Afu a Nasarawa, shekarunsu na raguwa yayin da ake yin kudu.

Karatu da rajista

Digirin farko shekara 4 ne, kuma ana yinsa a Jami'ar Bayero, da jami'ar kimiyya ta Wudil, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Jos. Ana shiga da lissafi, fizis da kemistiri. Ƙashin bayan karatun shi ne zanen taswira a fili: a ba ɗalibi yanki, ya taka shi da ƙafa, ya rubuta kowane dutse da ya gani da inda ya karkata. Kayan aikin ba su da yawa: guduma, kamfas mai auna karkata, gilashin hannu mai ƙara girma sau 10, na'urar GPS, ruwan asid mai rauni na gwada dutsen farar ƙasa, da littafi mai tauri. Bayan bautar ƙasa ana yin rajista da COMEG, hukumar kula da injiniyoyin ma'adinai da masanan duwatsu da dokar soja mai lamba 40 ta 1990 ta kafa. Hukumar binciken duwatsu ta Najeriya kuwa, wadda asalinta ke komawa 1919, ita ke riƙe da taswirori da bayanan awon da aka yi da jirgin sama.

Yadda ake binciken ma'adinai

Ana farawa da lasisi. A dokar ma'adinai ta 2007, lasisin bincike ba ya wuce murabba'in kilomita 200, yana aiki shekara 3, ana sabunta shi sau biyu, shekara bibbiyu. Daga nan aikin tankaɗe ne, a taso daga babban fili a ƙare a ɗan ƙarami. Da farko ana ɗibar laka a rafuka, a tankaɗe ta da rariya mai ƙananan ido, a kai ɗakin gwaji. Rafin da ya nuna alama sai a bi shi sama, a shata layuka, misali tazarar mita 200 tsakanin layi da layi da mita 50 tsakanin rami da rami, a ɗebi ƙasa a ƙarƙashin ta saman da saiwoyi suka cika. A ƙasar Hausa nan ake yawan tuntuɓe. Rairayin da iska ta kawo, ko marmarar da ruwa ya kwaso daga wani wuri, ba su da alaƙa da dutsen da ke ƙarƙashinsu, don haka samfurinsu yakan ɓoye ma'adinin da ke nan ko ya nuna wanda babu. Maganinsa a huda da ƙaramin inji har a taɓa ruɓaɓɓen dutsen asali.

Idan alamar ta tsaya, sai a haƙa dogayen ramuka a gicciye da jijiyar, wato siririn layin dutsen da ma'adinin ke ciki, sannan a kawo injin haƙa. Injin iska yana fito da garin dutse, ana tara na kowace mita ɗaya, a raba da maraba, wato na'urar raba samfur, a ɗauki kilo 2 zuwa 3. Injin lu'ulu'u kuwa yana fito da dutsen a mulmule kamar rake, mai kaurin milimita 47.6 ko 63.5. Ana jera shi a akwati, a rubuta bayaninsa, a tsaga da zarto, rabi ya tafi gwaji rabi ya zauna shaida. Zinariya ana gwada ta da wuta, a narka giram 30 ko 50, a ba da sakamako da giram a tan.

Kurakuran da ke kashe aiki ƙanana ne a ido. Ƙwayar zinariya ɗaya mai girma idan ta faɗa cikin giram 50 za ta sa talakan dutse ya zama attajiri a takarda. Rashin wanke maraba yana sa samfur ya gurɓata na bayansa. Haƙa a bin jijiya maimakon a gicciye ta yana sa mai kaurin mita 1 ta fito kamar mai mita 10. Tsofaffin taswirorin Najeriya an yi su ne a kan ma'aunin Minna, wato tsohon tsarin lissafin wuri na Najeriya, GPS kuma yana zuwa da na duniya, WGS84. Wanda bai daidaita su ba raminsa zai kauce da gomman mitoci. Saboda haka a cikin kowane samfur kamar 20 ana cusa wanda aka riga aka san adadinsa, da wanda babu komai a cikinsa, da kwafin wani, ba tare da ɗakin gwaji ya sani ba.

Masanin yana da alhakin lafiyar jama'a ma. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a yankunan Anka da Bukkuyum saboda niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje. Gwajin sinadari ɗaya ya isa ya nuna dalmar.

Aiki a ƙasashen waje

Abin da kamfanin waje ke saya shi ne sa hannun da za a iya yarda da shi. Wannan ya ƙara tsanani bayan 1997, lokacin da aka gano cewa an barbaɗa zinariya a samfuran kamfanin Bre-X na Busang a Indunusiya. Kanada ta fito da ƙa'idar rubuta rahoton ma'adinai ta NI 43-101 a 2001, Ostareliya kuma tana da irin tata, JORC, tun 1989. Wanda zai sa hannu a rahoton adadin ma'adini sai ya yi aƙalla shekara 5 a kan irin wannan ma'adinin, yana kuma cikin ƙungiyar ƙwararru da aka amince da ita, kamar AusIMM. Shekara 5 a kan kuza ba ta ba mutum ikon sa hannu a kan yuraniyam ɗin Arlit a Nijar.

Hanyar da aka fi bi ita ce a fara da rubuta bayanan dutse a gindin injin haƙa, a koyi manhajoji irin su QGIS da Leapfrog, sannan a nemi digiri na biyu a waje da tallafin karatu na PTDF ta Najeriya, DAAD ta Jamus ko na ƙasashen Commonwealth. Faransanci yana buɗe ƙofar Nijar, Mali, Burkina Faso da Gini, kuma Bahaushe yana da ribar harshe a wuraren haƙa na Nijar da arewacin Gana. Aikin na karɓa-karɓa ne, makonni a sansani, makonni a gida. Yana bin farashi: da zinariya ta faɗi a 2013, masu bincike aka fara sallama.

Koyarwa da neman ruwa

Malamin jami'a yana bukatar digiri na uku da bincike da aka buga, amma wanda ya taɓa zama a gindin inji ya fi iya nuna wa ɗalibi bambancin zinariya da firit, ma'adini mai kama da ita wanda ke farfashewa a ƙarƙashin guduma ya bar baƙin zane. A ɗakin gwaji ana goge dutse har ya koma kaurin milimita 0.03, haske ya ratsa shi a madubin bincike. Babbar matsalar sashe ita ce kuɗin mota da masauki na fita fili, kuma matsalar tsaro ta rufe wurare da dama da a da ake kai ɗalibai.

A cikin Kano, da yawa daga masu wannan digiri da rijiyar burtsatse suke ci. Ruwan yana cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagogin da ke ƙasansa, ana gano su ta hanyar kafa ƙarafa huɗu a ƙasa a tura lantarki a auna turjiya. Yumɓu ma yana nuna ƙarancin turjiya kamar ruwa, kuma wannan ruɗin ne ke jawo rijiyoyi da yawa da ke ƙafewa a watan Afrilu.