Waiwaye: Takardar izinin sarki a Birtaniya, daga kasuwannin garuruwa zuwa Lokoja

Ranar 1 ga Janairun 1900, a Lokoja, aka sauke tutar kamfanin Royal Niger Company aka ɗaga ta Birtaniya a gaban Lugga. Kamfanin ciniki ne, amma ya shekara goma sha uku da ɗoriya yana da sojoji da kotu da kurkuku, yana kuma karɓar kuɗin fito a kogin Kwara da na Binuwai. Abin da ya ba ɗan kasuwa wannan iko takarda ce guda da aka fitar da sunan Sarauniya Bitoriya a watan Yulin 1886. Ita ce takardar izinin sarki, kuma asalinta ya girmi kamfanin da ɗaruruwan shekaru.

Aikin takardar a shari'ance ɗaya ne: tana mayar da taron mutane ya zama tamkar mutum guda a idon doka. Jama'ar da ta same ta za ta mallaki fili da sunanta, ta yi hatiminta, ta kai ƙara a kuma kai ƙararta, kuma mutuwar waɗanda suka kafa ta ba ta rusa ta. A Ingila ta dā, kafin a sami rajistar kamfanoni, hanya biyu ce kawai ta samun haka: takardar sarki ko dokar majalisa.

Garuruwa na cikin waɗanda suka fara cin moriyarta, kuma ba kyauta ba. Attajiran gari kan haɗa kuɗi su kai fada, sarki ya rubuta musu 'yancin cin kasuwa a rana kaza, da yin shari'arsu a cikin gari, da tara harajinsu su biya dunƙule sau ɗaya a shekara ba tare da wakilin sarki ya shigo yana tatsar su ba. Sarki John, wanda kullum yaƙi ke cinye masa baitulmali, ya yi wannan ciniki sosai. Shi ya kafa Liverpool da takarda a 1207, ya kuma ba mutanen Landan damar zaɓen magajin garinsu a 1215. Ƙungiyoyin masu sana'a sun bi sahu tun da wuri, domin masaƙan Landan sun sami tasu a 1155. Jami'ar Kambirij ta samu a 1231, ta Oksfod a 1248.

Sai dai mai ba ka riga yana iya tuɓe ta. A 1683 lauyoyin Sarki Charles na Biyu suka gurfanar da birnin Landan, suna tambayar da wane izini yake gudanar da ikonsa. Kotu ta ƙwace takardar, sarki ya koma naɗa shugabannin birnin da kansa, ba a mayar ba sai 1688. Mazauna Massachusetts a Amurka sun rasa tasu a 1684.

Inda takardar ta fi yin tasiri a duniya shi ne kan kamfanonin ƙetare. Na Gabashin Indiya ya sami tasa ranar 31 ga Disambar 1600, na Hudson's Bay a Kanada a 1670, Bankin Ingila a 1694. Dokar rajistar kamfanoni ta 1844 ta sa ɗan kasuwa ba ya buƙatar zuwa fada, kusan an ɗauka zamanin ya wuce. Rububin mallakar ƙasashe, musamman a Afirka, ne ya farfaɗo da ita. Bayan taron Berlin na 1884 zuwa 1885, Birtaniya na son riƙe yankin kogin Kwara kada Faransa ko Jamus su riga ta, amma ba ta son kashe kuɗin baitulmali. George Goldie, jagoran kamfanin da ya zama Royal Niger Company, ya zo da mafita: a ba kamfaninsa takarda, shi zai ɗauki nauyin mulki. Hujjarsa ita ce tarin yarjejeniyoyi da sarakuna, har da waɗanda wakilin kamfanin, Joseph Thomson, ya kawo daga Sakkwato da Gwandu a 1885. Kamfanin ya fassara su da cewa an miƙa masa ƙasa, abin da bai yi daidai da fahimtar fadar Sakkwato ba ko kaɗan.

Takardar ta 1886 ta hana kamfanin mamaye ciniki shi kaɗai, ta kuma ce harajin da zai sa ya tsaya a kan biyan kuɗin gudanar da mulki. A takarda ke nan. A bakin kogi kuwa, alƙali da ɗan sanda da jami'in kwastan duk ma'aikatan ɗan kasuwa ɗaya ne, babu mai duba su a kusa. Da lasisi da kuɗin fito aka kori abokan gasa. Mutanen Nembe, waɗanda kakanninsu ke fatauci a wannan ruwa, aka mayar da su baƙi masu fasa-ƙwauri, har tura ta kai bango suka far wa ma'ajiyar kamfanin a Akasa a Janairun 1895. A 1897 sojojin kamfanin suka ci Bida da Ilori. Da gogayya da Faransa ta yi zafi a yankin Borgu, gwamnati ta ga abin ya fi ƙarfin kamfani, ta janye takardar, ta biya diyyar fam 865,000, da rabin kuɗin ma'adinai na wani babban yanki na tsawon shekara 99.

Yau takardar ta koma ta daraja. An bayar da sama da 1,000 a tarihi, kusan 750 na aiki. BBC na tafiya a kan tata tun 1927, ana sabunta ta lokaci-lokaci, kuma ta yanzu za ta ƙare ranar 31 ga Disambar 2027. Ƙungiyar ƙwararru da ke nema takan fara da tuntuɓar ofishin Majalisar Mashawartan Sarki a asirce, don kada a ji kunya a bainar jama'a. Ana duba ko fagenta nata ne ita kaɗai, ko tana da mambobi kamar 5,000, ko kashi 75 cikin ɗari na cikakkun mambobin na da ilimi daidai da digiri, ko aljihunta na da ƙarfi, da ko jama'a za su amfana. In an ga alamar nasara sai ta shigar da koke a hukumance, a buga a jaridar gwamnati, a ba masu ƙorafi mako takwas. Sau da yawa ƙorafin wata kishiyar ƙungiya ke kashe maganar. Ministoci ne ke yanke hukunci, sarki ya amince, a buga a kan fatar maraƙi a rataya babban hatimi. Daga nan ƙungiya ba za ta sauya ko layi ɗaya na takardar ba sai da yardar majalisar. A Najeriya lamarin daban ne: ƙungiyar akantoci ta ICAN dokar majalisa ce ta kafa ta a 1965.

Matsayin birni shi ma daga fada yake fitowa. A Ingila dā sai gari mai babbar majami'a, har Birmingham ta karya al'adar a 1889, kuma a 2022 an ɗaga garuruwa takwas albarkacin cikar Sarauniya Elizabeth ta Biyu shekara 70 a kan mulki. Matsayin na manne ne da hukumar gari, ba da gine-gine ba. Rochester ta koyi wannan: an narkar da hukumarta cikin ta Medway a 1998 ba tare da an naɗa amintattun da za su riƙe takardar ba. Sai a 2002 aka lura sunanta ya fita daga jerin birane, kuma har yau bai koma ba.