Chicago Reader

Chicago Reader jarida ce da ake rabawa kyauta a birnin Chicago na jihar Illinois a Amurka. Fitowarta ta farko ta kasance ranar 1 ga Oktoba, 1971, kuma wasu abokai da suka yi karatu tare a Kwalejin Carleton ne suka kafa ta, Robert Roth ne jagoransu. A wancan zamani mutane ba su ɗauki jaridar kyauta da daraja ba, ana ganin takardar talla ce kawai. Su kuwa suka yanke shawarar ajiye ta a shagunan littattafai da na faifan waƙa da gidajen abinci, duk mai so ya ɗauka.

A shekarun baya, kuɗin shigarta daga talla yake fitowa, musamman ƙananan tallace-tallace na gidan haya da neman aiki da kayan sayarwa. Wannan kuɗi ne ya ba ta damar yin abin da jaridun kullum ba sa iyawa: a bar marubuci ya yi watanni yana bin labari ɗaya, sannan a buga shi komai tsawonsa. An taɓa buga wata doguwar maƙala ta Michael Lenehan kan kiwon zuma kaɗai. Aikin da ya fi fito da sunanta shi ne binciken John Conroy, wanda daga 1990 ya riƙa tona yadda 'yan sanda ƙarƙashin kwamanda Jon Burge ke azabtar da waɗanda ake zargi, akasarinsu baƙaƙen fata, don su amsa laifi. Shekara da shekaru Conroy bai saki maganar ba, alhali manyan jaridun birnin ba su ba ta muhimmanci ba.

Da intanet ta zo, shafuka irin su Craigslist suka kwashe ƙananan tallace-tallacen, aljihun jaridar ya fara bushewa. A 2007 aka sayar da ita ga kamfanin Creative Loafing, kuma kafin shekarar ta ƙare an sallami Conroy da wasu tsofaffin ma'aikata. Kamfanin ma ya durƙushe a 2008. Daga nan ta yi ta sauya hannu, har ta shiga hannun masu jaridar Sun-Times a 2012. A 2020, lokacin annobar korona, ta koma fitowa bayan mako biyu-biyu maimakon kowane mako, sannan a 2022 aka miƙa ta ga wata ƙungiya mai zaman kanta da ba ta neman riba.